Fargaba: daga ina kalmar ta fito, kuma me ya raba ta da tsoro da firgici?

Tambayar ta zo daga wani malamin Hausa da ke koyarwa a ƙaramar sakandare a wani ƙauye na ƙasar Ringim. Ya ce ɗalibansa sun tsare shi a kan kalmar fargaba: wasu sun ce Larabci ce, wani ya dage cewa daga "farga" ta fito. Yana son sanin asalinta, da abin da ya raba ta da tsoro da firgici da faɗuwar gaba, da kuma wanne ya kamata yaro ya rubuta, "fargabar" ko "fargaban".

Malam, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa yaran nan basira. Fargaba ba kalmar aro ba ce, Hausa ce tsantsa. Harɗaɗɗen suna ne da aka gina da kalmomi biyu waɗanda kowane yaro a ajinka ya sani: saiwar faɗ-, wadda ta ba mu faɗi da faɗuwa da faɗa wa, sai kuma gaba, wato ƙirji. Maganar nan da muke yi kullum, "gabana ya faɗi", ita ce aka dunƙule ta zama kalma ɗaya. Ko ka fassara ta da faɗuwar gaba, ko ka ce abin da ke faɗar da gaba, saiwar dai ɗaya ce.

Inda yara za su tsaya shi ne yadda ɗ ta koma r, kuma nan ne darasin yake da daɗi. Hausa ba ta son baƙaƙen da ake furtawa da tsinin harshe, irin su t da d da ɗ da z, su tsaya a ƙarshen gaɓa. Idan wasalin da ke bayansu ya faɗi, sai su rikiɗe su zama r, kuma ra-gare ce, wadda harshe ke karkaɗawa, ba ra-kaɗe irin ta "rana" ba. Wani Bajamushe masanin harsuna, August Klingenheben, shi ya tsara bayanin wannan sauyi a wajajen 1928, har yau ana kiran dokar da sunansa. Amma ba sai ka kai su Jamus ba, misalan suna bakinsu. Muna cewa "kada ka je", mu kuma ce "kar ka je". Muna cewa maza-maza, mu ce marmaza. Tilon fatake shi ne farke. A Sakkwato ana cewa biyat, mu a nan mu ce biyar. Ana kaɗe tabarma, ana kuma karkaɗe ta. Misalai biyu mafi kusa da kalmarmu su ne farfaɗiya, cutar da ke yawan kayar da mutum, wadda ba komai ba ce sai faɗ-faɗ-, da kuma "ɓarayi sun far masa", wanda asalinsa "sun faɗa masa". Far- ɗin da ke cikin "far masa" shi ne dai na cikin fargaba. Ka rubuta waɗannan a allo a jere, kafin ka kai na ƙarshe su da kansu za su faɗa maka amsar.

Karin sauti ma shaida ne. Harɗaɗɗun sunaye da ke farawa da aikatau sukan sauke muryar aikatau ɗin ƙasa, kamar yadda ake ji a dafa-duka da hana-salla da ruɗa-kuyangi. Fargaba ma haka take: far ƙasa, ga ƙasa, ba sama. Ka kuma ja hankalinsu kada su haɗa wannan gaba na ƙirji da gaba ta ƙiyayya, wadda ake jan wasalinta na farko, ko gaɓa mai ƙugiya. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, shi ya sa biyun farko ke yi wa yara kama.

Shi kuwa yaron da ya ce daga farga ta fito, kunnensa ne ya ja shi, kuma ya kyautu a yaba masa da ya yi tunani. Amma farga ganewa ce bayan gafala, shi ya sa ake kiran ganewar da ta zo a makare fargar Jaji. Babu tsoro a cikin ma'anarta. Sannan Hausa ba ta da wani ɗafi "-ba" da ake liƙa wa aikatau a sami suna. In an cire far-, abin da ya rage cikakkiyar kalma ce, gaba. In kuwa an cire farga-, abin da ya rage ba shi da aikin yi. Masu cewa Larabci ce kuma, mai yiwuwa maƙwabtanta ne suka ruɗe su, domin taraddadi da waswasi, waɗanda sukan zo tare da ita a zance, su kam daga Larabci aka aro su.

Batun ma'ana ya fi batun asali muhimmanci, domin a nan ake yawan kuskure, har a rediyo.

Fargaba tana buƙatar abu biyu: mugun abin da ake gudu, da rashin sanin ko zai auku. In ɗaya ya ɓace, kalmar ta tashi daga aiki. Ka ba su misali da abin da suka sani. Kogin Haɗeja, wanda kogin Kano da na Challawa ke haɗuwa su haifar, yana ratsa Wudil da Ringim kafin ya gangara ƙasar Haɗeja. A sama akwai madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa da aka gama a 1992. Daga tsakiyar Agusta zuwa Satumba, in ruwan sama ya yi yawa kuma aka ji labarin madatsun sun cika, manomin shinkafa a fadamun Ringim da Miga da Auyo ba ya barci sosai. Bayan sallar isha zai ɗauki tocila ya nufi bakin jinga, ya kafa kara a daidai inda ruwa ya tsaya, ya dawo gida ya kwanta kunnensa na waje. Kafin asuba ya koma ya duba ko ruwan ya haye karan da yatsa biyu ko da taƙi guda. Ba abin da ya same shi tukuna. Shinkafarsa na nan ta fitar da kai. Amma ba ya cin tuwo da daɗi, magana kaɗan sai ya yi faɗa, in yaro ya shigo da gudu sai ya miƙe tsaye. Wannan zaman shi ne fargaba, kuma wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ba ya bukatar a fassara masa.

To a ce da tsakar dare jingar ta ɓalle, aka yi kururuwa. Abin da ya kama shi a wannan lokacin ba fargaba ba ce kuma. Ya firgita, ko ya razana: abu ne na farat ɗaya, yana zuwa da tsalle ko ihu, shi ya sa ake cewa ya farka firgigit. In ya rasa abin da zai fara ɗauka, ya ɗauki tabarma ya bar buhun hatsi, ya fita ba takalmi, to ya gigice ko ya ɗimauce, wato hankalin ne ya bar aiki na ɗan lokaci. In ruwan ya iso ƙirjinsa yana ganinsa ido da ido, tsoro ne. Washegari, yana tsaye a tudu yana kallon inda gonarsa take, sai juyayi da baƙin ciki. Daga nan kuma zullumi ya karɓa: da me za a ci da gida har kaka mai zuwa, da me za a biya bashin taki. Zullumi ɗan'uwan fargaba ne na kusa, duk biyun suna kallon abin da bai zo ba, sai dai zullumi ya fi zama a tunani, mutum ya yi tagumi yana saƙa da warwara, ita kuwa fargaba ba ta rabuwa da jiki. Har yanzu ana jin ƙirjin da aka gina ta da shi.

Tsoro ya fi su duka faɗi. Yana iya zama hali, shi ya sa muke da matsoraci. Yana iya zama girmamawa, shi ya sa muke cewa tsoron Allah, kuma Bahaushe ba ya cewa fargabar Allah. Amma yana cewa fargabar ranar hisabi ko fargabar kwanciyar kabari, saboda bai san yadda zai kwashe ba. Wannan misali kaɗai ya isa ya nuna wa ɗalibi inda iyakar take. Malaman addini ma sun yi irin wannan rabon a addu'ar nan da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake neman tsari daga hammi da hazan, inda suka ce na farko damuwa ce kan abin da ke tafe, na biyu kan abin da ya wuce.

Akwai kuma rawar jikin da ba ta tsoro ba, wadda yara kan cakuɗa da fargaba a insha'i. Yaron da za a kai kasuwar Maigatari ranar Alhamis karon farko, ya kasa barci, ya sa rigarsa tun kafin kiran salla, ɗoki yake yi ko zumuɗi. Amarya a daren da za a kai ta tana iya haɗa biyun, ɗoki da fargaba, kuma marubuci mai kunne zai ambaci kowanne da sunansa.

Ta fuskar nahawu, fargaba suna ce kawai. Ba ta da jam'i, ba a gina aikatau da ita, ba a kuma gina sunan mai aikatawa. Ba a cewa ya fargabce, ba a cewa mafargabci. Sai dai a jingina ta da wasu kalmomi: ana jin fargaba, ana shiga fargaba, ana zama cikin fargaba, fargaba takan kama mutum, labari yakan jefa gari cikin fargaba. In za a faɗi abin da ake gudu, sai a sa mahaɗi: fargabar ambaliya, fargabar jan baki a gonar shinkafa, fargabar kada ruwa ya ɗauke gero na bununi. Wannan "kada" tana yawan bin ta, kuma alama ce mai kyau ta cewa an sa kalmar a gurbinta. In ana bukatar aikatau, sai a koma wa firgita da razana da tsorata, kuma a nan akwai tarkon da rubutu ke ɓoyewa. "Yaro ya firgita" da "kare ya firgita yaro" harufansu ɗaya, amma na farko ƙi-karɓau ne, muryarsa ƙasa, sama, ƙasa, na biyu kuwa so-karɓau ne, yana farawa da sama sannan ya sauka. Ka sa su furta da ƙarfi, za su ji. Daga wannan saiwa ake samun firgici da firgitarwa da firgitacce da "a firgice".

Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Na farko, sa fargaba a inda abu ya riga ya faru farat ɗaya: "da na ji ƙarar tsawa sai na yi fargaba". Abin da ake nufi shi ne na firgita, ko gabana ya faɗi. Na biyu daga ɗakunan labarai ya fito. "Ana fargabar mutum goma sun nutse a hatsarin kwalekwale" daidai ne muddin ana kan nema, domin rashin tabbas na nan. Amma in an tsamo gawarwaki an yi musu sutura, ba sauran fargaba, sai a ce sun rasu. Mutanen ƙauye ba sa yin wannan kuskuren. Su za ka ji sun ce har yanzu ba a ji ɗuriyarsu ba, in an tabbatar kuma su ce sai haƙuri.

Kada kuma a bar yara su ɗauka fargaba ce kaɗai hanyar faɗin wannan hali. Hausa ta fi son nuna shi a jiki: gabansa na dukan uku-uku, gabanta ya yanke ya faɗi, ya ji ras, cikinsa ya ɗuri ruwa, hantar cikinsa ta kaɗa, ya sha jinin jikinsa, ya yi tsuru-tsuru, ana zaman ɗar-ɗar. Kowanne da wurinsa. Shan jinin jiki na wanda ya fara zargin cewa da shi ake ne, kamar wanda dabbobinsa suka yi ɓarna ya hangi ɗan aiken mai unguwa ya nufo ƙofarsa. Zaman ɗar-ɗar kuwa na jama'a ne, kuma yana ɗaukar kwanaki. Insha'in da ya ce "cikinsa ya ɗuri ruwa" a inda ya dace ya fi wanda ya jera "fargaba" sau biyar, kuma ya cancanci maki fiye da shi.

Sai bambancinta da faɗuwar gaba. Ko da yake ciki ɗaya suka fito, yau sun raba gari, kuma wannan ya wuce batun aji, domin yana shafar lafiyar mutane. Fargaba tana da dalilin da mai ita zai iya faɗa. Faɗuwar gaba kuwa abin da jiki ke yi ne, da dalili ko babu. Matar da ta je ƙaramin asibitin ƙauye ta ce wa ma'aikacin lafiya "faɗuwar gaba ke damuna" tana iya nufin abu uku daban: ko tana cikin damuwa, ko zuciyarta na bugawa da sauri ko tana tsallake bugu, ko kuma tsoro na auko mata haka kawai. Sau da yawa a gida an riga an yanke hukunci, an ce iska ce, ko sammu, ko alamar mugun labari na tafe. Addu'a da ambaton Allah suna kwantar da zuciya, babu mai musun wannan, amma ba sa hana a bincika jiki.

Tambayar da ke raba su gajeriya ce: in gaban ya faɗi, akwai abin da kike tunani, ko haka kawai yake zuwa? Yana zuwa ne in kin ɗauko ruwa ko kin yi daka, ko kina zaune? Bugun zuciyar babba a zaune yana tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya, kuma kowa na iya ƙirgawa: a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, a ƙirga na daƙiƙa 30, a ninka biyu. Faɗuwar gaban da ke zuwa da aiki, tare da jiri da kasala da farin ido, ta fi kama da ƙarancin jini, wanda ya yi yawa ga masu ciki da masu shayarwa, kuma gwajin jini mai sauƙi yana nuna shi. Wadda ke zuwa da rama duk da ana cin abinci, da yawan gumi da rawar hannu, wani lokaci da kumburin maƙogwaro, tana iya zama aikin ƙwayar maƙoshi (wata halitta a gaban wuya da likitoci ke kira thyroid) da ya wuce kima. Goro da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari duk suna sa zuciya gudu, haka ma yunwa mai tsanani. Wadda ba a jira da ita ko kwana ɗaya ita ce ta mai jego a watannin farko bayan haihuwa, in ta zo da haki da kumburin ƙafa da kasa kwanciya sai an tara matasai. Raunin zuciya bayan haihuwa sananne ne a arewacin Nijeriya, kuma wannan ba ta gida ba ce, ta babban asibiti ce. Haka duk faɗuwar gaban da ta zo da ciwon ƙirji ko suma.

Akwai kuma inda fargabar kanta ke zama cuta. In ta wuce girman dalilinta, ta ƙi tafiya bayan dalilin ya wuce, ta hana barci da noma da shiga mutane har tsawon wata shida, likitoci suna ɗaukarta ciwo mai magani. Wani nau'in kuma yana aukowa ne kwatsam: zuciya ta yi ta bugu, numfashi ya sarƙe, gumi ya keto, mutum ya tabbata mutuwa ce ta zo, abin ya kai ƙololuwa cikin kamar minti 10 sannan ya lafa. Wannan a Hausa firgici ya fi dacewa da shi, ba fargaba ba, ko da yake mai shi yakan koma zama cikin fargabar dawowarsa, har ya daina zuwa kasuwa ko masallacin Juma'a. A lokacin da abin ya taso, a zaunar da shi, a rage taron mutane a kansa, ya ja numfashi ta hanci yana ƙirga huɗu, ya sake shi a hankali yana ƙirga shida. Abin da ke ɓata lamarin shi ne sayen ƙwayar barci irin su diazepam a kemis ba da umarnin likita ba: tana kwantar da abin na 'yan kwanaki, jiki ya saba, in an daina kuma fargabar ta dawo fiye da da. Akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano da kuma Kazaure a Jigawa, kuma zuwa can don wannan ba ya nufin mutum ya haukace. Malami a ƙauye yana da bakin da zai faɗi wannan a ji, shi ya sa na tsawaita a kai.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Gaba na ƙirji namiji ne, shi ya sa muke cewa gabana ya faɗi, ba ta faɗi ba. Wanda ya ce "fargaban ambaliya" yana bin wannan tsohon jinsi ne, kuma ana jin haka a bakin mutane da yawa. Amma da kalmar ta dunƙule har masu magana suka daina jin inda aka haɗa ta, sai wasalin a na ƙarshe ya ja ta zuwa jinsin mace, kamar yawancin sunayen da ke ƙarewa da shi. Shi ya sa a jaridu da rediyo "fargabar" ta fi yawa. Ka koya musu "fargabar", ita ce za ta fi kare su a jarrabawa. In yaro ya rubuta "fargaban" kuma ya bi ta da "ya kama shi", ka nuna masa ɗaya hanyar ba tare da ka ci shi tara ba. Inda jan biro ya wajaba shi ne in ya gauraya a jimla ɗaya, ya rubuta "fargaban da ta kama shi". A kuma rubuta ta a haɗe, kalma ɗaya, ba karan ɗori a tsakiya, domin far ba ta tsayawa da ƙafarta a nan yadda dafa ke tsayawa a dafa-duka.